Herbert Hasler (1914–1987): Sojan da Ya Danƙa wa Iska Linzamin Jirgi

Wanda ya tashi a Birchi, ko a wani gari na ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma, iyakar saninsa da sufurin ruwa bai cika wuce kwalekwalen masunta na madatsar ruwa ta Zobe ba. A irin wannan kwalekwale, mai tuƙi shi ne komai. Da zarar ya ajiye filafilinsa, tafiya ta tsaya. A teku kuwa akwai jiragen da iska ke turawa ta hanyar manyan zannuwa da ake ɗaurawa a jikin dogon turke, kuma iska ba ta sanin dare balle ta huta. Saboda haka tun fil azal ake buƙatar mutum ya zauna riƙe da linzamin jirgi dare da rana, in wani ya gaji wani ya karɓe shi. To, yaya mutum ɗaya tilo zai yi, idan yana so ya ƙetare teku na tsawon wata guda ko biyu, alhali dole ya yi barci, ya dafa abinci, ya gyara abin da ya lalace? Mutumin da sunansa ya fi fitowa wajen warware wannan matsala shi ne Herbert George Hasler, wani hafsan sojan Birtaniya da abokansa suka laƙaba wa suna Blondie saboda launin gashin-bakinsa mai ruwan zinariya.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Hasler a birnin Dublin na ƙasar Ailan ranar 27 ga Fabrairu, 1914. Mahaifinsa, Arthur Hasler, hafsa ne a sashen kiwon lafiya na sojan Birtaniya. Bai daɗe da shi ba, domin a watan Mayu na 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Jamusawa suka nutsar da jirgin jigilar sojoji mai suna Transylvania a gaɓar Italiya, mahaifin kuwa yana cikin waɗanda ruwa ya ci. Hasler yana ɗan shekara uku ya zama maraya. Mahaifiyarsa ce ta rene shi a yankin Portsmouth, garin da ya shahara da sansanin jiragen yaƙi a kudancin Ingila. Ruwan da ya raba shi da uba shi ne ya zame masa filin wasa, domin tun yana yaro yake harhaɗa ƙananan kwalekwale da hannunsa yana shiga da su lunguna da mashigun gaɓar teku. Ya yi karatu a Kwalejin Wellington, sannan a 1932 ya shiga rundunar Royal Marines, wato sojan da ake horarwa don yaƙi a ruwa da tudu.

Shekarun Yaƙi

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, an tura shi Narvik a ƙasar Norwe cikin 1940, inda ya yi aikin sauke sojoji daga jirage zuwa gaɓa, har Birtaniya da Faransa suka ba shi lambobin yabo. Amma abin da ya fito da sunansa shi ne harin da ya tsara ya kuma jagoranta a watan Disamba na 1942, yana manjo mai shekara 28. Jamusawa na riƙe da tashar jiragen ruwa ta Bordeaux a Faransa, wadda ke can cikin ƙasa, fiye da mil 60 daga bakin teku in an bi kogin Gironde. Shawarar Hasler ita ce a shiga da ƙananan kwalekwale masu ɗaukar mutum biyu-biyu, a riƙa tafiya da dare ana ɓuya da rana, har a isa a manna nakiyoyi a jikin jiragen dakon kaya na abokan gaba.

Ranar 7 ga Disamba jirgin ƙarƙashin teku mai suna Tuna ya kai su kusa da bakin kogin. Kwalekwale shida aka ɗauko, ɗaya ya yage wajen fitarwa, biyar suka kama hanya da mutum goma. Tun daren farko igiyar ruwa ta fara cin su. Kwalekwale biyu kaɗai suka kai tashar, suka dasa nakiyoyinsu daren 11 ga wata, suka lalata jirage da dama. Daga cikin mutum goman nan, biyu sanyin ruwa ya kashe su, shida Jamusawa suka kama suka harbe. Hasler da abokin tuƙinsa Bill Sparks ne kawai suka tsira. Suka ratsa Faransa da taimakon 'yan gwagwarmayar ƙasar, suka haye duwatsu zuwa Sifen, suka isa Gibraltar a 1943. An ba shi lambar girma ta DSO, kuma a 1955 aka shirya fim a kan labarin mai suna The Cockleshell Heroes. Masu tarihin yaƙi sun daɗe suna muhawara a kan ko ɓarnar da aka yi wa Jamus ta kai darajar rayuka takwas, kuma muhawarar tana da tushe, domin an gyara yawancin jiragen sun koma aiki.

A 1944 aka tura shi tsibirin Silon, wanda yanzu ake kira Siri Lanka, don ya horar da ƙananan rundunonin da ke kai hari ta ruwa a fagen yaƙin Bama. Wannan shi ne fagen da dubban 'yan Arewacin Nijeriya suka yi yaƙi a ƙarƙashin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda har yanzu jikokinsu ke ba da labarin yaƙin Bama a garuruwanmu. A 1948 ya bar aikin soja da muƙamin laftanar-kanar.

Jirgin da Ya Kira Jester

Bayan ya tuɓe kaki sai ya mayar da hankalinsa kacokan ga tambaya guda: ta yaya za a sauƙaƙa tafiyar jirgin iska har mutum ɗaya ya iya da shi ba tare da ya jigata ba? A 1953 aka ƙera masa wani ƙaramin jirgi na katako a Portsmouth, tsawonsa ƙafa 25, wato kimanin mita bakwai da rabi. Ya raɗa masa suna Jester, kalmar da ke nufin wawan sarki, da alama don ya san masana harkar za su yi masa dariya. Ya rufe saman jirgin ruf, ya bar ƙofa zagayayya wadda zai riƙa leƙowa daga ƙugu zuwa sama, duk igiyoyin sarrafa jirgin kuma ya jawo su zuwa inda hannunsa zai kai. Daga baya ya ɗauko salon zanen iska irin na jiragen ƙasar Sin, mai sanduna a gicciye, wanda ake iya rage faɗinsa cikin ƙiftawar ido ta hanyar sassauta igiya ɗaya. Da wannan tsari ba sai ya fita saman jirgi cikin hadari ba, inda igiyar ruwa ke iya share mutum ta jefa teku.

Saura matsalar linzami. Ba Hasler ne ya fara tunaninta ba. Joshua Slocum, wanda ya fara kewaya duniya shi kaɗai tsakanin 1895 da 1898, ya dogara ne ga daidaita zannuwan jirginsa har ya riƙa miƙewa da kansa, amma ba kowane jirgi ke da wannan hali ba. Masu wasan tseren ƙananan jiragen kwaikwayo a tafkuna sun riga sun san amfani da ɗan allo mai bin iska. Wani Bafaranshe kuma, Marin-Marie, ya yi amfani da irin wannan allo a 1936 lokacin da ya ƙetare Tekun Atlantika daga New York a jirgi mai inji. Cikas ɗin da kowa ke cin karo da shi shi ne ƙarfi. Allon da iska ke juyawa yana iya gane cewa jirgi ya kauce, amma ba shi da ƙarfin murɗa linzamin babban jirgi sai in an yi shi ƙato ƙwarai.

Don a gwada dabaru irin waɗannan a fili, Hasler ya kawo shawarar a shirya tseren ƙetare Atlantika na mutum ɗaya-ɗaya. An daɗe ana ɗari-ɗari da shawarar, wasu na ganin ganganci ne da rai, kafin jaridar The Observer ta ɗauki nauyi, ƙungiyar Royal Western Yacht Club kuma ta karɓi shiryawa. Aka tashi daga Plymouth ranar 11 ga Yuni, 1960, zuwa New York, tafiyar kimanin mil 3,000, mafi yawanta ana fuskantar iska. Mutum biyar suka shiga, dukkansu kuma suka isa lafiya. Francis Chichester ya zo na ɗaya cikin kwana 40 da jirgin da ya fi na kowa girma. Hasler, wanda ya bi ta can arewa inda sanyi da hazo suka fi yawa, ya zo na biyu cikin kwana 48. A wannan tafiya allon iskarsa yana juya wani ɗan ƙaramin fiffike ne da aka maƙala a bayan linzami, ruwa ya ture fiffiken, fiffiken ya ja linzamin. Dabarar ta yi aiki, sai dai ba ta dace da jiragen da linzaminsu ke can ƙarƙashin ciki ba.

Filafili Mai Lilo

A 1961 ya fito da dabarar da ta zama gadonsa. Da yake Hausa ba ta da tsayayyun kalmomi na wannan fanni, a nan za a kira na'urar gaba ɗaya matuƙin iska, a kira sashenta na sama allon iska, na ƙasa kuma filafili mai lilo. Ana ɗaure ta ne a ƙarshen jirgi ta baya. Allon iska siririn katako ne marar nauyi da ke tsaye a sama. Filafilin kuwa dogo ne, siriri, yana nutse cikin ruwa, an rataye shi yadda zai iya murɗawa a kan tsayinsa, ya kuma iya yin lilo dama da hagu. Wasu 'yan sanduna da mahaɗai ne ke sada allon da filafilin, igiya biyu kuma suna tashi daga filafilin, su bi ta kan 'yan ƙafafu masu juyawa, su ƙare a sandar linzami.

Ga yadda abin ke gudana. Mai jirgi zai sa jirginsa a kan hanyar da yake so, sannan ya juya allon har gefensa ya fuskanci iska sosai, yadda iska za ta wuce ta ɓangarorinsa biyu daidai wa daida, sai ya kulle shi a haka. Muddin jirgi na kan hanya, allo ba ya motsi, filafili kuma yana yanka ruwa a miƙe. Da jirgi ya kauce, iska za ta bugi allon ta gefe guda ta ture shi. Wannan ɗan motsi shi ke murɗa filafilin kaɗan. Da filafili ya karkace, ruwan da ke gudu a ƙarƙashin jirgi sai ya make shi ya wurga shi gefe da ƙarfin gaske, kamar yadda iska ke fizgar tafin hannun yaron da ya fito da shi ta tagar mota ya ɗan karkata shi. Lilon filafilin ya ja igiya, igiya ta ja linzami, jirgi ya dawo kan hanya, allo ya koma yadda yake, komai ya lafa har sai an sake kaucewa.

Hikimar tana cikin rabon aiki. Iska ba ta yin komai sai ba da umurni, ruwa ke yin aikin ƙarfi. Kuma gwargwadon saurin jirgi, gwargwadon ƙarfin filafili, wato lokacin da teku ta fi haukacewa, ake kuma fi bukatar hannu mai ƙarfi, a lokacin ne na'urar ta fi ƙarfi. Ba ta shan mai, ba ta bukatar batir.

Sai dai na'urar tana da sharuɗɗa, kuma wanda ya yi sakaci da su zai ɗora mata laifin da ba nata ba. Na farkonsu shi ne a daidaita zannuwan jirgi kafin a miƙa mata linzami. Manomin da ya taɓa huɗa da garmar shanu ya san abin da ake nufi: idan sa ɗaya ya fi ɗan'uwansa ja, kunya ba za ta miƙe ba, mai riƙe da garma kuma zai sha wuya. Haka jirgin da zanensa na baya ya yi yawa yake ta neman juyawa ya fuskanci iska, na'urar ta yi ta kokawa da shi har ta gaza. Maganin shi ne a rage zane tun da wuri, har jirgi ya kusa miƙewa da kansa. Dole ne kuma a kafa na'urar daram a tsakiyar bayan jirgi, a bar wa allon sarari yadda wani abu ba zai tare masa iska ba. Igiyoyin kada su yi sako-sako, domin motsin filafili zai ɓace a banza kafin ya kai ga linzami, kada kuma a ɗaure su tamau har su hana juyawa. In aka haɗa su a juye, ta dama a hagu, na'urar za ta ƙara kautar da jirgin ne maimakon ta dawo da shi.

Babban abokin gabanta shi ne cijewa. Ƙarfin da allo ke samu daga iska mai laushi ɗan kaɗan ne, don haka ko gishirin da ya bushe a mahaɗi ɗaya ya isa ya kashe aikin. Shi ya sa ake wanke mahaɗan da ruwan daɗi a kai a kai. A na'urorin da mahaɗansu na roba ne ba a son a lafta musu man giris, domin yana kama gishiri da ƙura ya daskare. Ana duba igiyoyi kullum a wuraren da suke goga, a matsar da su kafin su tsinke, a ƙara ɗaure kusoshin da girgiza ta sassauta, a lura da tsatsar da ke cin wurin da ƙarfe iri biyu suka haɗu cikin ruwan gishiri. Yawancin masu ƙera ta suna barin wuri guda mai rauni da gangan a wuyan filafilin, don in ya daki gungume ko wani abu, wurin ya karye ko ya ɓalle, sauran na'urar da jikin jirgi su tsira. Matafiyi mai hankali ba ya barin gaɓa sai da allo da igiyoyi na ajiya.

Akwai kuma abin da na'urar ba ta sani ba sam, wato inda aka nufa. Ita iska take bi, ba ta san kamfas ba. Idan iskar da ke busowa daga gabas ta koma kudu cikin dare, jirgi zai bi ta ya juya, mai shi yana barci. Hasali ma iskar da allon ke ji haɗin iska biyu ce, ta Allah da wadda gudun jirgi ya haifar, irin wadda mai keke ke ji a fuskarsa ko da ganye ba ya motsi. Saboda haka idan iska mai rauni tana turo jirgi daga baya, abin da ke isa ga allon ba ya taka kara ya karya, tuƙi ya yi sanyi. Mafi muni, in mai jirgi ya faɗa ruwa, jirgin zai ci gaba da tafiyarsa salin-alin ya bar shi. Don haka masu tafiya su kaɗai ke ɗaure kansu da igiya a jikin jirgi duk lokacin da suka fito sama.

Yaɗuwar Dabarar

A tsere na biyu, a 1964, wanda ya ƙare a Newport, Hasler ya sake shiga da Jester ya zo na biyar cikin kwana 37 da 'yan sa'o'i, ya rage fiye da kwana goma a kan tafiyarsa ta farko. Éric Tabarly na Faransa ne ya lashe cikin kwana 27. Daga nan Hasler ya sayar da jirgin ga Michael Richey, ya koma ga ƙera na'urori. Da matuƙin iska irin nasa Chichester ya kewaya duniya tsakanin Agusta 1966 da Mayu 1967. Wannan tafiya ta nuna amfanin na'urar da iyakarta a lokaci guda, domin ta karye a tekun kudu tun da sauran tafiya mai nisa kafin Sydney, har Chichester ya ɗan yanke ƙauna, kafin ya ƙulla wani ƙaramin zane da linzami ya lallaɓa ya isa, aka gyara ta a can. Alec Rose ma da ita ya yi tasa kewayar a 1967 zuwa 1968. Masu ƙira na baya sun yi gyare-gyare, musamman ga allon, wanda suka mayar mai kwantawa gefe maimakon juyawa a tsaye don ya fi jin iska, amma filafili mai lilo yana nan a na'urori irin su Aries da Monitor kamar yadda ya tsara shi.

Hasler mutum ne da ba ya zama wuri ɗaya da tunani. Shi ya kawo shawarar tseren kewaya tsibiran Birtaniya na mutum biyu-biyu, wanda aka fara a 1966. Ya yi aure a makare, a 1965, yana da shekara 51, ya auri Bridget Fisher, suka haifi ɗa da 'ya. A tsakiyar shekarun 1970 ya kwashe iyalinsa zuwa yammacin Sikotilan, ya kama noma ba tare da takin zamani ba, yana kuma rubuta littafi a kan zanen iska irin na Sin tare da abokinsa Jock McLeod.

Ya rasu a Glasgow ranar 5 ga Mayu, 1987, sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 73. Littafin nasu, Practical Junk Rig, ya fito a 1988. A cikin wannan shekara ce kuma teku ta ci Jester yayin wani tseren Atlantika, aka ceto Richey, daga baya aka ƙera wani jirgin mai kama da shi sak aka mayar masa da sunan. Tun 2006 masu ƙananan jirage ke gudanar da wata tafiya ta mutum ɗaya-ɗaya da suka kira Jester Challenge.

Na'urorin tuƙi masu aiki da lantarki sun mamaye manyan tsere na zamani, amma matafiya masu dogon zango ba su saki matuƙin iska ba, saboda ba ya cin wuta kuma ana iya gyara shi da sifana da igiya a tsakiyar teku. A tseren kewaya duniya na Golden Globe, wanda aka farfaɗo da shi a 2018, dokar tsere ta hana dogaro da matuƙin lantarki, sai na iska. Wadda ta lashe zagayen da aka fara a 2022 'yar Afirka ta Kudu ce, Kirsten Neuschäfer, wadda ta koma tashar Les Sables-d'Olonne ta Faransa a watan Afrilu na 2023 bayan kusan wata takwas a teku ita kaɗai.